Kawu Ba Ya Sayen Ƙarfen Bayan Waya

Binne Kawu ya ba mu wuya. Ba kukan nake nufi ba, kuka kowa ya iya. Itacen rufe kabari muka rasa.

Lokacin hanyar Agadas a rufe take saboda tawaye. Mota ba ta tashi sai da rakiyar soja, rakiyar kuma ta daɗe ba ta iso ba. Arlit ba garin itace ba ne, duk sandar da ka gani a garin nan mota ce ta kawo ta. Muka zaga wurin masu itace, ba abin da ya rage sai ƙirare, ko tukunyar shayi ba za su tafasa ba. Ga gawa an yi mata wanka an yi sutura, ga rana tana hawa.

Sai surukin Kawu, mijin babbar ƴarsa, ya iso maƙabarta da amalanken jaki. Sana'arsa sayar da tsofaffin ƙarafa. Ya sauke wasu yankakkun ƙarafa masu kauri, da ragowar fenti ruwan ɗorawa a jikinsu. Na gane su. Duk wanda ke tsaye a wurin ya gane su. Ƙarfen bayan waya ne, wato irin wanda ke fitowa daga bolar kamfanin haƙar uranium, ya tsallako shingen waya ya shigo kasuwa.

Mutane suka dubi liman. Liman ya dubi rana, ya ce, "Larura ce. Ku rufe bawan Allah, ya gaji da jira."

Aka jera su a kan Kawu, aka zuba ƙasa. Ba a gardama a bakin kabari. Amma mutumin da muka rufe ya yi shekaru bai bari ko cokali na irin wannan ƙarfen ya kwana a gidansa ba.

Da muka dawo gida na tarar surukin bai tsaya nan ba. Ya sa an kafa wa Inna, matar Kawu, rumfa a ƙofar ɗakinta, don ta sami inuwar zaman takaba da karɓar mata masu gaisuwa. An rufe rumfar da tol, kwanon rufi, shi ma mai fentin nan. Da kyakkyawar zuciya ya yi, wannan ban yi shakka ba. A ƙarƙashinsa Inna za ta yi watanninta na takaba, can za ta ci, can za ta yi salla. Tun da na ɗaga kai na gani, abin ya tsaya mini a rai.

Mu maza muka zauna a waje kan tabarmi. Mutane suka yi ta zuwa, har waɗanda ban zata ba. Wani mai hatsi Ba'adare, daga wajen Tawa, wanda Kawu ya fi kowa takura wa a kasuwa, ya zo ya durƙusa ya yi addu'a. Da ya shafa sai ya ce, "Wanga tsoho ya wahalshe ni. Buhu guda za shi saye, sai ya sa na kwance ukku. Amma in aka gane shi bakin rumfata ya ɗauki hatsi, ranan nan sai na saida dut abin da ni da shi. Mutane na cewa, tunda Daga-ina ya saye, babu ƙasa ciki."

Daga-ina shi ne sunan da ƴan kasuwa suka laƙa masa, don tambayar da yake fara yi ke nan a kan kowane kaya.

Wani mahauci ya ce, "Yau sikeli ya huta." Aka yi dariya kaɗan, irin ta gidan mutuwa, wadda ba ta kai ciki.

Maƙwabcin Kawu, wani Buzu mai gadin kanti, bai yi dariya ba. Ya ja rawaninsa har kan hanci. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Kawu ta tafi. Ita ce idona a kasuwa." Daga nan ya tashi ya tafi.

Ni ba mai ilimi ba ne, lakwal ɗin ma, wato makarantar boko, ban yi nisa ba. Na zauna rubuta wannan ne don garin nan ba ya riƙe mutum. Kowa baƙo ne, ka mutu a rufe ka, iyalinka su hau mota su koma gida, shekara ta zagayo ba wanda ya san inda ƙofarka take. Ba na so a yi wa Kawu haka.

Yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Damagaram lokacin da kuɗi ke gudu a Arlit kamar ruwa, ya samo mini aikin lodi a tashar manyan motoci. Shi kuma yana aikin ramin haƙar uranium a Akokan, kar, wato bas ɗin ma'aikata, ta ɗauke shi ta dawo da shi. Da kasuwar uranium ta faɗi aka fara rage mutane, yana cikin waɗanda aka sallama. Ya bar gidan kamfani mai lantarki da famfo, ya koma Bukoki, unguwar talakawa, ya gina ɗakin ƙasa. Bai koma ƙauye ba, don a shekarun nan ƙauyen ma fari ya cinye shi, su ne ke aiko mana da kuka.

In ka bi Kawu kasuwa, ka ɗauki haƙuri ka tafi da shi. Yana da tiyarsa ta awo da yake ratayawa a jaka, don ya ce tiyar ɗan kasuwa tana da ƙusumbi a gindi, an buga ta ciki. Hatsi, sai ya naɗe hannun riga ya tura hannu cikin buhu har kafaɗa, ya damƙo na ƙasa. A shekarar fari wasu suna zuba yashi a tsakiyar buhu su rufe da mai kyau. Ya hura, ya sansana, ya tauna. Gwangwanin tumatir da na madara masu shigowa daga Aljeriya, bai iya karanta abin da ke jikinsu ba, sai ya shafa murfin da babban yatsa. In ya kumbura ya ajiye, ya ce, "Wannan tana da ciki, ni ba na sayen mai ciki." In ya ga an kankare rubutu a gindin gwangwani, ya ce, "Abin da aka goge shi ne gaskiyar."

Ba ya taya kaya da yunwa a cikinsa, kuma ba ya saye a rumfar farko. In mai kaya ya fara rantsuwa, sai ya juya. "Ban ce ka yi ƙarya ba, malam. Me ya kawo Allah cikin maganar albasa?"

Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ai wahala ce. Saboda ɗan abin da bai kai ya kawo ba?"

Ya ce, "Kai da guminka ka samo kuɗin, ko tsinta ka yi? Mai sayarwa ya kwana da kayansa, ya san su. Kai yanzu ka gan su. To wa ya kamata ya yi tambaya?"

Duk wannan wasa ne a kan maganar ƙarfe.

Ya ba ni labarin sau ɗaya tak, ba irin masu maimaita labari ba ne. Ya ce wata rana a wurin aiki wani injiniya ya zo da ɗan akwati mai maratayi, kamar rediyo. Yana tafe yana kara shi a jikin kaya. Da ya kai kan wani babban bututu da aka cire aka ajiye gefe, akwatin ya kama kuka kamar gyare, ba tsayawa. Injiniyan ya ja da baya, ya yi musu hannu su matsa. Kawu ya san bututun, don shi da abokan aikinsa suka kwance shi, har akwai inda gudumarsa ta lotsa bakinsa. Bayan wasu watanni yana wucewa ta layin maƙera a kasuwa, sai ga bututun nan, da lotsawar da komai. Maƙeri yana zaune a kai yana cin abinci. Rabinsa an riga an yanka an yi murhu.

"Hatsi ina da hanci," in ji shi. "Yadi ina da yatsa. Nama ina da ido. Wannan ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya ƙuna. Ba ni da akwatin. Abin da ya rage mini baki ne, in tambaya daga ina. In aka yi mini kwana-kwana, in bar shi."

Na ce, "To duk ƙarfen bayan waya ne ke da abin?"

Ya ce, "A'a. Wataƙila ma mafi yawansu lafiya lau. Amma nuna mini wanne."

Abin da ya sa ɗakinsa a Bukoki ba shi da tol ke nan. Na kanti ya fi ƙarfinsa bayan sallama, na bayan waya kuma ga shi nan arha kamar kyauta, kowa a unguwar da shi ya yi rufi da ƙofa da gado da randar ruwa. Shi ya yi rufi da tabarmi da buhuna ya yaɓe da ƙasa. Aka yi ta yi masa dariya. Ni ma na yi.

Kuma ba kullum yake da gaskiya ba, in faɗi tsakani da Allah. Inna ta taɓa yin adashi ta sayi gadon ƙarfe. Mai gadon ya kasa faɗin inda ya samo shi, Kawu ya sa aka mayar. Daga baya muka ji ashe daga Najeriya aka kawo shi, bai taɓa ganin Akokan ba sai a bayan mota. Inna ta koma tabarma da ciwon bayanta. Ta daɗe tana yi masa gori. In ta kawo masa tuwo sai ta ce, "Malam, a tambayi tuwon nan daga ina, ko a ci haka nan?" Shi kuma ya ce, "Wannan na san maƙerinsa, muguwa ce amma ba ta ha'inci."

Rigimarsa da surukinsa ita ce babba. Shi ma surukin sallamamme ne, ya rasa abin yi ya kama harkar ƙarafa, Allah kuma ya buɗa masa. Da aka yi sunan ɗansa na fari, ya aiko wa Inna babbar tukunya sabuwa fil, ƙirar maƙeran kasuwa, tana ƙyalli. Inna ta yi murna har da guɗa. Kawu ya dawo ya gan ta, ya ƙwanƙwasa, ya tambayi wanda ya kawo. Sai ya ɗauke ta ya kai ƙofar gida ya kife, a gaban mutane.

Da la'asar surukin ya zo. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Kunya ba ta bari ya yi wa surukinsa magana kai tsaye, Kawu ma haka. Sai suka sa ni a tsakiya, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tabarma ɗaya ba.

"Yaya," in ji surukin, kansa a ƙasa, "ka gaya wa Baba, in laifi na yi a faɗa mini a ɗaki. Ba a kife ni a titi ba."

Kawu ya ce, "Ka gaya masa ba shi na kife ba, tukunya na kife."

"Ka gaya wa Baba rabin garin nan a irinta suke dafa abinci. Ban ga wanda ya ci ya faɗi ba."

"Ka gaya masa mu da muka shiga rami ma ba a ranar muke faɗuwa ba."

Ni dai ina juya kai dama da hagu, ban isar da ko kalma ɗaya ba, don kowa ya riga ya ji.

Surukin ya ce, "Ka gaya wa Baba da ƙarfen nan nake ciyar da ƴarsa da jikansa."

Kawu ya juyo gare ni. Ya ce, "Ka gaya masa na sani. Ban ce ya bari ba, ba ni da abin da zan ba shi a madadi. Ya dai bar mini gidana."

Surukin ya ɗauki tukunyarsa ya tafi. Bai yi fushin da zai yanke zumunci ba. Da yunwa ta tsananta, shi ya riƙa aiko musu da hatsi, ba don shi ba da ban san yadda za su yi ba. Kawu yana karɓa, ya yi godiya, sannan ya naɗe hannun riga ya tura hannu har kafaɗa. Hali zanen dutse.

Maganar Buzun nan kuwa, ga yadda take. Da tawaye ya yi zafi, aka shiga kame a gari, duk mai rawani ya zama abin tuhuma. Mutumin nan bai san komai ba sai gadin kanti, amma ya ji tsoro ya kulle kansa da iyalinsa a gida. Maƙwabta da yawa suka ɗauke ƙafa, kowa na gudun a gan shi a ƙofarsa. Kawu ya je da rana tsaka ya buga ƙofar ya ce, "Ba ni jakarka da kuɗinka, ka faɗi abin da kuke ci." Ya riƙa yi musu cefane har ƙura ta lafa. Kuma ya fi tsananta wa ƴan kasuwa a kan kuɗin Buzun fiye da nasa. Na ga ya koma kasuwa a ƙafa cikin zafin rana don ya mayar da ganyen shayi, ya ce an haɗa shi da gari. Na ce, "Kawu, mutumin da ke ɓoye ai ba zai yi ƙorafin shayi ba." Ya ce, "Shi ya sa. Wanda ba zai iya ƙorafi ba shi aka fi cuta."

Tari ne ya kwantar da shi. Ya fara kaɗan kaɗan, ya zo ya hana shi kaiwa kasuwa, ya rame har tiyarsa ta yi masa nauyi. A likita suka ce ciwon ƙirji ne. Ban ce ramin ne ya kashe shi ba, ban ce ba shi ba ne, ni ba likita ba ne. Na san dai abokan aikinsa da yawa da irin tarin nan suka tafi. Na taɓa kawo masa ƙwayoyi daga masu tallar magani a faranti, don na kantin magani ya yi tsada. Ya juya su a tafin hannu ya ce, "Maganin da ya wuni a rana ya fi ni rashin lafiya. Mayar masa." Ranar na yi fushi na fita. Da na dawo na same shi yana dariya yana tari, ya ce, "Ka mayar, ko ka sha?"

Tun da muka rufe shi ban sami natsuwa ba. In gyare ya yi kuka a gindin bango sai in tsinci kaina ina duba ƙofar ɗakina, ina duba cokalin da ke hannuna, ina duba gangar da nake shan ruwa. A da ban damu ba. Yanzu duk ƙarfen da na taɓa sai in ji kamar yana da maganar da ya ɓoye. Na je wurin liman a kan na kabarin. Ya ce, "Wanda ya mutu ya wuce cutar ƙarfe. Ba a tone Musulmi don wannan. Ka yi masa addu'a." Na yarda da shi. Amma in na rufe ido fentin nan nake gani a saman fuskar Kawu.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar mutane sun ragu, na shiga cikin gida in gaishe da Inna. Rana tana nan da sauran zafinta. Na tarar rumfar cike da inuwa, ba kowa a ciki sai tabarma da buta. Inna kuwa tana gefe a jikin bango, inda rana ke dukanta sosai, ta lulluɓe da mayafi, gumi na bin wuyanta.

Na durƙusa. "Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, ɗan nan."

"Ga inuwa, me ya zaunar da ke a rana?"

Ta ce, "Sanyi nake ji."

Ƴarta ƙarama da ke wanke kwanuka ta ce, "Yaya, tun ranar da aka kafa ta haka take yi. In mata sun zo ta shiga ta zauna da su, suna fita ta fito. Jiya har jiri ya ɗebe ta."

Inna ta harare ta, sannan ta rage murya. "Ni ban taɓa ganin komai a jikin ƙarfe ba. Shi ma bai taɓa nuna mini ba. Na kwana a ƙasa shekara da shekaru saboda abin da ba a gani, na yi masa gori har ya mutu. Amma in na zauna a ƙarƙashin abin can sai in ji kamar yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona."

Na ce, "To a cire mana."

"Wa zai cire? Yaron nan shi ya rufe mana asiri a maƙabarta. Hatsin sadakar nan nasa ne, wanda za mu ci gobe ma nasa ne. An kife masa tukunya sau ɗaya ya haƙura. In aka kife masa rumfa fa? Ni ba zan iya buɗe baki in gaya wa suruki ba. Bar ni, rana ba ta kisa."

Rana tana kisa a Arlit, ita ma ta sani. Kuma takaba yanzu aka fara.

Washegari da safe, bayan na fito masallaci, na hau ɗakina da guduma na ɓalle tol ɗin rufina. Na kanti ne, na saye shi sabo tun ina da aiki. Iyalina na riga na tura su ƙauye, ruwan sama kuma ba ya cikin abin da ke damun mu a garin nan. Na ɗora a baro na tura gidan Kawu. Na sauke na surukin ɗaya bayan ɗaya, na buga nawa. Inna tana ɗaki, ba ta fito ba, ba ta kuma hana ni ba. Na ce wa ƴar, "In mijin yayarki ya tambaya, ki ce ni ne, Inna ba ta da hannu. Ya zo ya same ni, ni ba surukinsa ba ne, za mu yi magana baki da baki."

Na ɗaure masu fentin a kan baro na nufi bayan gari da shebur, in haƙa rami in turbuɗe su. Ban kai ƙarshen unguwa ba wani mutum ya fito daga wata bukka ta buhuna, da jariri a kafaɗa. Ya dubi kayan ya ce, "Malam, na sayarwa ne?"

Na ce a'a.

"To ina za ka kai su?"

Na ce, "Na bayan waya ne. Binne su zan yi."

Ya dubi tol ɗin, ya waiwaya ya dubi rufin bukkarsa. Ya miƙa wa matarsa jaririn. Na ci gaba da tura baro cikin yashi, ina jin takunsa a bayana.